Ranar da Baba Ya Ce “Ta Yi”

A garejinmu mota ba ta fita sai Baba ya ce ta yi. Haka na taso na tarar, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi dalili ba. Ko an ɗaure noti na ƙarshe, ko mai mota yana tsaye yana duba agogo, sai an tayar da inji, Baba ya goge hannu da tsumma, ya ɗauko doguwar sukudirebarsa mai ƙotar katako. Ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido. Ya matsa da ita gaba kaɗan, ya sake saurare. Wani lokaci minti ɗaya, wani lokaci har mai mota ya gaji da tsayuwa ya nemi benci. In ya ɗago ya ce, “Ta yi, a sauka lafiya,” to ka kama hanyar Legas ma in ka ga dama. In kuwa ya ce, “Bar ta ta kwana,” ko kai wane ne sai ka tari Keke ka koma gida.

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. “Kai wannan” nake tun ina ƙarami har gemu ya fito mini. Daga baya ya ƙara mini da “Malamin kwamfuta,” kuma in ya faɗa sai ka rasa yabo ne ko tsiya. Garejin yana gefen hanyar da ta nufi Tirwun, rumfar kwano ce da rami ɗaya da wata bishiyar maina da ta sha baƙin mai shekara da shekaru amma ta ƙi mutuwa.

Baba mutumin kafireta ne, wadda ke haɗa mai da iska a tsofaffin motoci. Yakan shinshina hayaƙin salansa ya gaya maka mai ne ya yi yawa ko iska. Yakan kwance fulogi ya dubi kalar bakinsa ya faɗa maka irin tuƙin da kake yi, har da abin da ba ka so matarka ta sani. Amma motocin da ya sani suka riƙa ƙarewa a gaban idonsa, ɗaya bayan ɗaya suna komawa hannun ’yan gwangwan. Waɗanda suka maye gurbinsu suna da ƙwaƙwalwa, wani ɗan akwatin ƙarfe da kanikawa ke kira birenbos. Shi ke yanke yawan fetur da za a fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta, kuma ba a gyara shi da sifana. Mutane na son cewa tsofaffin kanikawa sun tsani sabon abu. Baba ba haka yake ba, kuma wannan yana cikin abin da ke ci mini rai har yau. Shi da bakinsa ya ce in tafi Kaduna wajen wani mai wannan aiki. “Je ka koyo yaren da suke ji,” in ji shi. “Nawa ya fara tsufa.”

Bayan shekara biyu na dawo da kwamfutar cinya da wata waya mai faffaɗan kai da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari. Kana sokawa mota ta fara kai ƙarar kanta: nan ke ciwo, can ya toshe, sensa kaza, cikin ƙananan na’urorin da ke kai wa ƙwaƙwalwa rahoto, ta daina magana. Na iya karanta wannan, na kuma iya abin da ya fi shi, wato shiga cikin ƙwaƙwalwar in canza mata umarni. Na fi son masu turbo. Turbo wata ’yar farfela ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma tana danna iska cikin inji da ƙarfi, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. In ka iya taɓa lambobin da ke cikin ƙwaƙwalwa, ka ƙara iskar, ka matso da lokacin wuta, motar da ke tafiya salalo-salalo sai ta riƙa manna bayanka da kujera. Ranar da na fara yin haka da hannuna, kaina ya kusa ƙin shiga ƙofar gida.

Na tuna wata rana da na zauna ina yi wa Baba bayanin sensa-sensar da ke jikin inji. Ya saurara yana sakace, har na zo kan wata ƙarama da ke ɗaure a tsakiyar inji wadda aikinta sauraro kawai. Na ce masa in fetur ya fashe da kansa kafin lokacinsa, yana dukan kan fistan, ita ke jin ƙarar ta gaya wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa kuma ta ja wuta baya ta rage iskar turbo don kada inji ya ci kansa. Baba ya cire tsinke daga baki ya ce in nuna masa ita. Na haska masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi dariya har da buga cinya.

“Ashe masu ƙera ta ma da kunne suka dogara! To ai wannan ƙanena ne.”

Daga ranar duk motar da na buɗe sai ya leƙo ya ce, “Ka gaida mini ƙanena.”

Sai dai akwai abin da ke damuna, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Ni ke aikin. Ni ke kwana biyu a kan mota ina bin waya ɗaya-ɗaya, ni ke gano abin da garejin gari uku suka kasa. Amma in na gama na naɗe wayata na ce an gama, sai mai mota ya ce madalla, sannan ya juya yana neman Baba. Motar da Baba bai san ko ina batirinta yake ba, sai ya zo ya ɗora sukudireba ya ce ta yi, sannan mutum ya saki ransa ya shiga. Wasu ma shi suke yi wa godiyar, ni su ɗaga mini hannu. Ina da mata da ’ya’ya biyu a lokacin, ina haya a Gwallameji, amma a garejin nan ni “kai wannan” ne. Ban taɓa furta wa kowa ba, abin dai yana nan a ƙirjina yana tsami.

Cikin masu kawo mana mota akwai wanda muke kira Baffa, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tsohon ma’aikacin gwamnati ne, iyayensa makiyaya ne da suka zauna a gari, kuma da ya ajiye aiki sai zuciyarsa ta koma inda ta fito, ya sayi gona a wajen Zungur ya zuba ’yan shanu. Tun yana hawa babur Baba ke masa gyara. Shi yana kiran Baba “Injiniya,” Baba yana kiransa “Yallaɓai,” kowanne da tsokana a bakinsa. Baffa ne ya yanka mini ragon sunan ɗana na fari. Yakan zo gareji ko motarsa lafiya lau, ya zauna a bencin ƙarƙashin mainar nan su yi ta musu a kan ruwan sama da farashin dusa.

A shekarar da aka yi wata doguwar wahalar mai, Baffa ya sayo wata ’yar Kwatano mai turbo, fara, tsaf da ita. Da zafi ya kankama sai ya shigo yana mita.

“Injiniya, motar nan ’yar boko ce. Da safe kamar ta tashi sama, amma rana na take sai jikinta ya mutu. Ka taka totur har ƙasa, tana tafiya tana tunani. Ga wata fitila mai ruwan ɗorawa da ke kunna kanta a gabana, ta hana ni sukuni.”

Baba ya nuna ni da haɓa. “Ga likitanta can. Ni ’yan ƙauye nake dubawa.”

Na soka waya. Ban ɗauki minti goma ba na ga komai. Motar ba ta da ciwo. Fetur ɗin da Baffa ke saya a galan wajen ’yan bumburutu a bakin hanya ne ba shi da kyau, wa ya san abin da aka gauraya masa. Ga zafin Bauci na wannan wata. Ga abin da ke sanyaya iskar turbo a gaban lagireto ya toshe da ciyawa da busasshiyar laka ta hanyar gona. Duk wannan ya haɗu ya sa mai yana fashewa kafin lokaci, ƙanen Baba yana ji yana faɗa, ƙwaƙwalwa tana rage ƙarfi tana kunna fitila. Motar kare kanta take yi. Maganin a bayyane yake: a wanke wancan abu, a nemi mai na gidan mai ko da za a wuni a layi, kafin nan kuma a yi haƙuri da tafiyar hawainiya.

Na gaya wa Baffa haka. Ya kalle ni ta saman tabarau.

“Yanzu duk karatun Kadunan nan, abin da ka samo shi ne in yi haƙuri? Ai wannan limamin unguwarmu ma ya iya faɗa. Babanka da sukudireba ɗaya yake tayar da matacciya.”

Wasa yake yi. Na san wasa yake yi, haka bakinsa yake. Baba ma dariya ya yi. Amma maganar ta sauka daidai kan wurin nan mai tsami. Na ce ya bar mini ita zuwa jibi.

Akwai abin da mu masu wannan aiki muke yi, wanda ba a rubuta a kowane littafi ba, a bakin juna muke koya. In fitila ta dami mai mota, kuma ka san ba zai canza man da yake sha ba, sai ka shiga ƙwaƙwalwa ka rage wa sensar sauraro kaifin ji, har ta daina kai ƙara. Muna ce masa toshe kunne. Kamar yadda kanikawanmu ke cire abin da ke daidaita zafin ruwa su yar, su ce na ƙasar sanyi ne, haka mu ma muke cewa an yi sensar ne don man Turai. Wanda ya koya mini yana yi, abokan aikina suna yi, kuma motoci da yawa suna yawo a haka ba abin da ya same su. Da wannan na lallashi kaina. Na wanke abin sanyaya iska, wannan kam na yi. Sannan na toshe kunnen. Da na ga hanya ta buɗe, sai na ƙara iskar turbo kaɗan, na matso da wuta gaba, don Baffa ya ji a bayansa abin da karatun Kaduna ke yi. Baba yana zaune taku biyar daga inda nake, yana wanke wata tsohuwar kafireta a kwano da fetur. Ban gaya masa abin da na yi ba.

Ran jibin, bayan azahar, rana tana dukan kwanon rumfa, Baffa ya zo. Muka fita gwaji mu uku, ni a sitiyari, Baba a gefena, Baffa a baya. Muna wuce gidajen ƙarshe na taka. Motar ta zabura har hular Baffa ta faɗo.

“La ilaha illallahu! Yaro, ka sa mata aljani ne?”

Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, irin daɗin da ban taɓa ji ba a wannan sana’a. Na rage, na sake takawa a wani ɗan hawa. A nan ne Baba ya ɗaga hannu.

“Kashe iskar nan. Sake takawa.”

Na kashe na’urar sanyi na sake takawa. Ya karkatar da kai yana kallon tabarmar ƙafarsa.

“Akwai abin da ke kaɗawa. Kamar tsakuwa a gwangwani. Can ƙasa, in ka danne ta.”

Ni ban ji komai ba. Wannan gaskiya ce, ban ji ba, don kunnena bai taɓa koyon wannan ba. Amma na san abin da yake ji. Na san shi sarai, har sunansa na sani da Turanci. Sai wani taurin kai ya taso mini. Na ce a raina ɗan kaɗan ne, zai wuce in ya sami mai mai kyau.

Da muka koma gareji na bar injin a kunne, na soka waya, na juyo da fuskar kwamfutar wajensu. Babu ƙorafi ko ɗaya. Babu fitila. Layin sensar sauraro a kwance yake shiru. Baba ya ɗauko sukudireba ya ɗora nan, ya ɗora can. Irin wannan ƙara ba ta fitowa sai mota tana jan nauyi a kan hanya, a tsaye inji sumul yake, kuma na san haka. Ya daɗe fiye da kullum. Ya ɗago, fuskarsa ba ta saki ba.

“A tsaye ban ji ba. Amma a hanya na ji. Bar ta ta kwana.”

Baffa ya ce yana da masu allurar shanu da za su same shi a gona da sassafe. Baba ya ce ya hau ta haya. Sai ni kuma na buɗe baki. Watanni kaɗan kafin nan na raka Baba asibiti a kan kunnensa na hagu da ke yi masa ƙugi, likita ya ce tsufa ne da ƙarar inji ta shekaru. Daga ni sai shi sai Inna muka sani. Ya ma roƙe ni kada in faɗa a gareji.

Na ce, “Baba, ko dai kunnen nan ne na hagu? Ka tuna abin da likita ya ce. A mota shi ne ta wajen inji.”

Ban ɗaga murya ba. Da ladabi na faɗa, har da ɗan rusunawa, kuma wannan ya fi muni. Baffa ya dubi Baba ya ce, “Injiniya, kunne kuma? Ba ka gaya mini ba.” Baba ya juya. Ya dubi kwamfutar, wadda ba ya iya karanta ko harafi ɗaya a kanta, sannan ya dube ni.

“Ƙanena bai ji komai ba?”

“Bai ji ba, Baba. Ga shi nan.”

Ya sa ɗan yatsa a kunnen hagu ya girgiza, ya cire ya duba yatsan kamar zai ga wani abu. Ya juya sukudirebar a hannunsa sau biyu. Sannan ya ce, a hankali, ba tare da ya dubi kowa ba, “Ta yi. A sauka lafiya.”

Kwana tara ta yi. Ran na goma Baffa ya kira daga hanyar Zungur, da rana tsaka, ya ɗauko buhunan dusa a but da mutum uku a baya. Ya ce ta yi wata ƙara, ta yi farin hayaƙi, ta tsaya. Aka jawo ta da igiya. Da muka buɗe kan injin, fistan na uku ya huje a tsakiya, ramin da babban yatsana ke shiga, gefensa ya narke. Na biyu ma ya fara tsagewa. Baba ya zaro fistan ɗin ya riƙe a tafin hannu, yana shafa bakin ramin.

Baffa bai yi faɗa ba. Da ya yi, da ya zage ni, da wataƙila bakina ya buɗe. Ni ko kallona bai yi ba, don a wajensa ni ba ni ne mai magana ba. Sai ya dubi Baba, ya ce, “Injiniya, kai fa ka ce ta yi.”

“Ni na ce.”

“Shekara talatin, in ka ce ta yi ko addu’ar hanya mantawa nake.”

“Na sani, Yallaɓai. Na ji ƙarar nan da kunnena, kana wurin. Na’urar yaron nan ba ta yi ƙarya ba, iyakar abin da ta ji ta faɗa. Ni ne na ji, na kuma ce ta yi.”

Ina tsaye da tsumma a hannu. Kalma biyar ta ishe ni, in ce ni na toshe mata kunne. Na ji su sun taho har maƙogwarona. Na dubi Baffa, na dubi mai walda na maƙwabta da ya leƙo yana kallo, na tuna cewa gobe duk kanikawan layin za su ji. Na haɗiye. Na ce a raina zan gaya wa Baba mu biyu, in an watse.

Aka watse ban faɗa ba. An sa wa motar wani inji daga baya, na mayar da ƙwaƙwalwar yadda masu ita suka yi ta, a ɓoye, wannan ba shi ne labarin ba. Baffa ya karɓi motarsa ya yi godiya. Bai yi gaba da mu ba, ana gaisawa a ɗaurin aure da jana’iza. Amma bai sake zama a bencin nan ba, kuma na ji motar tana zuwa wani gareji a cikin gari.

Washegarin ranar da muka buɗe injin, Baba ya zo kamar kullum. Na gama wata mota, mai ita ya juya yana nemansa. Baba yana zaune bai tashi ba. Ya ce, “Tambayi Malamin kwamfuta.” A karon nan babu tsiya a muryarsa, kuma na gane ashe duk shekarun nan tsiyar ce yabon. Ya yi mako biyu yana zuwa yana zama. Daga nan ya riƙa zuwa bayan la’asar kawai. Wata ranar Asabar ya rataye sukudirebar a ƙusar da ke jikin ginshiƙin rumfa, ya ce gwiwa ta dame shi.

Na je gida na same shi na ce ya dawo, mutane na tambayarsa. Ya ce, “Kai wannan, wanda ya ji abu da kunnensa, aka ce masa bai ji ba ya yarda, me ya rage masa da zai sayar? Ko na ce ta yi, ni kaina ban san ko ta yi ba.” Ga ƙofa ya buɗe mini, har ya riƙe mini labule. Da na faɗa a ranar, da ya san ba rauninsa ba ne, yaudararsa aka yi. Da ya yi fushi, wataƙila ya mare ni da girmana, amma da ya koma ya ɗauki sukudirebarsa. Na ce masa, “Allah ya ƙara sauƙin gwiwar, Baba.”

Abin da na nema na samu. Garejin ya zama nawa, mutane suna gode mini ni kaɗai. Ban taɓa sanin abu zai iya zama a hannunka kuma ya yi maka ɗaci haka ba. Kullum ina cewa sai bayan azumi, sai ya ɗan warware, sai ranar da na same shi cikin raha. Shekara ta zagayo, wata ta bi ta. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya bi shi a hankali. Inna ta ce tun da ya daina sauraron inji kamar ya daina sauraron komai. Rediyon da yake kwana da shi ya koma kan taga, ƙura ta rufe shi.

A shekara ta huɗu, wata Juma’a bayan an sauko daga masallaci, na same shi a zaure a kan tabarma yana jan carbi. Na zauna dab da shi, ta gefen dama. Na ce, “Baba, motar Baffa. Ni na toshe kunnen sensar. Ka ji daidai. Ni na yi maka ƙarya.”

Ya ce, “Na’am?”

Na sake faɗa da ƙarfi. Ya ce a’a, ya riga ya ci, tuwon ma ya yi masa yawa. Na matso har bakina na taɓa hularsa, na faɗa da iyakar muryata, yadda na tabbata masu wucewa a lungu sun ji. Hawaye na zuba, ni da furfura ta fara fito mini a gemu. Ya ja baya ya dubi bakina. Ina jin kalma biyu ya kama, motar Baffa. Sai ya kama wuyan hannuna ya yi murmushi.

“Har yanzu kana tuna wannan? Bar shi, kai wannan. Kai aikinka ka yi tsakani da Allah. Ni ne na ji na yi shiru.”

Na tashi zan nemo takarda in rubuta masa da ajami, tun da idonsa da saura. A bakin ƙofar tsakar gida na ci karo da Inna. Ta ji komai, muryata ta kai har madafa. Ba ta zage ni ba. Ta tsaya ta tare hanyar, hannunta da garin tuwo.

“Ina za ka?”

“Zan rubuta masa, Inna.”

“Don wa? Lokacin da maganar za ta yi masa amfani ka riƙe abinka. Yanzu ko ka mayar masa da gaskiyarsa, da wane kunnen zai koma aiki? Abu ɗaya ya rage wa tsohon nan, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ce masa ɗansa ba ya ha’inci a sana’a. Shi ma so kake ka karɓe don kai ka samu barci?”

Ban rubuta ba. Har yau ban san ko Inna ta yi daidai ba, ko kuwa na sake samun wata inuwar da zan fake ne. Ya rasu da damina ta gaba, yana ganin laifin nasa ne. Baffa ya zo gaisuwa ya zauna kusa da ni ya ce, “Babanka sau ɗaya tak ya taɓa kuskure a sanina, shi ma tsufa ne.” Na ce Allah ya jiƙansa.

Sukudirebar tana nan a ƙusarta. Na taɓa saukowa da ita wata rana da babu kowa, na ɗora a jikin inji na manna ƙotar a kunnena, a daidai inda gumin Baba ya mayar da katakon baƙi. Na rufe ido. Hayaniya kawai na ji, ƙarfe da iska da ruwa duk a cakuɗe, ban iya raba ɗaya da ɗaya ba. Shekara ashirin ina gefensa, ban taɓa cewa ya nuna mini ba. Na mayar da ita.

Ban sake toshe kunnen wata mota ba, in wannan yana da wani amfani ga wani. Masu zuwa yanzu yawancinsu ba su san Baba ba, su karɓi makulli su tafi. Amma watan jiya wani dattijo daga cikin tsofaffin mutanensa ya kawo motar ’yarsa. Na gama na naɗe waya na miƙa masa makulli. Bai karɓa ba. Ya dubi ginshiƙin rumfa, ya dube ni, ya ce, “To, ɗan Injiniya, ta yi?”

Na buɗe baki. Ya jira, har da ɗan murmushinsa.

Na ce, “Kwamfuta ba ta nuna komai ba, Alhaji.”